Babi na Shida: Wa Ya Auna, da Me Ya Auna?

Duk lokacin da aka kunna kwamfutar da ke aiki da Linux, tun kafin allo ya gama haskawa, kanel ɗinta, wato zuciyar manhajar da ke tsaye tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji, yakan fitar da wata lamba mai suna BogoMIPS. Linus Torvalds ne ya saka ta a 1993, shekara biyu bayan ya fara sakin Linux daga Helsinki, kuma ba don ta faɗi ƙarfin kwamfuta ya saka ta ba. Ɗan aiki ne na cikin gida. Akwai na'urorin da sai an jira su na wani guntun lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, kanel kuwa yana bukatar ya san zagaye nawa furosesa zai yi a banza kafin lokacin ya cika. Abin da lambar ke aunawa ke nan, saurin zaman jira. To amma da yake lamba ce, tana da girma, kuma tana fitowa a allo, sai mutane suka shiga tattara ta suna jera kwamfutocinsu da ita, wannan ta fi waccan. A kan yawancin furosesoshin Intel da AMD na yau, kusan ninki biyu ce kawai ta bugun agogon furosesa, ba ta faɗin komai game da aikin da zai iya yi. Haka aka yi da glxgears, wata 'yar manhaja da ke nuna giya uku, ja da kore da shuɗi, suna juyawa. An yi ta ne don a tabbatar katin hoto yana aiki, amma aka shafe shekaru ana kafa hujja da ita, alhali a kwamfutoci da yawa 60 za ta ba ka a kowace daƙiƙa, mai tsada da mai arha duk ɗaya, saboda iyakar saurin sabunta hoton allon ke nan.

Babu wata lamba guda da za a ce ita ce gudun kwamfuta, yadda ake cewa ga nauyinta ko ga faɗin allonta. Abin da awo ke bayarwa labari ne na wani aiki takamaimai, da aka yi da wata manhaja takamaimai, cikin wani yanayi na zafi da wuta da saiti. Idan aka sauya ɗaya daga cikin waɗannan, lambar za ta sauya, ƙarfen kuwa yana nan yadda yake. Wannan gaskiya ce a kan Windows, gaskiya ce a kan macOS, gaskiya ce a kan Linux. Inda buɗaɗɗiyar manhaja ta bambanta shi ne a nan ana iya tsare lamba da tambaya. Ana iya buɗe ma'aunin a ga abin da yake ƙirgawa, a maimaita gwajin a wani gari, a bi sawun bambanci har zuwa layin rubutun da ya haddasa shi. A ganina wannan ne kaɗai dalilin da ya sa awon da aka yi a kan Linux ya cancanci a dogara da shi, kuma duk awon da aka yi a kan Linux aka ɓoye sharuɗɗansa ya zubar da wannan dalili, ya koma daidai da lambar da ke jikin kwalin talla.

Faifan ajiya ne ya fi saurin yaudarar sabon ma'auni. Wanda ya fara koyon Linux yakan gano manhajar dd da wuri, ya umarce ta ta karanta wani babban fayil, ta ba shi megabayit 120 a daƙiƙa. Ya sake, sai ta ba shi dubbai. Faifan bai warke daga wata cuta ba. Linux ne ba ya barin RAM ta zauna a banza, duk abin da aka karanto daga faifai yakan ajiye kwafinsa a can, saboda haka a karo na biyu ba a taɓa faifan ba sam, RAM aka auna. Sai an zubar da wannan ajiya, ko an umarci manhajar ta tsallake ta, sannan a dawo kan faifai. Ko an yi hakan ma, tambaya ta rage: wane irin karatu? Tsohon faifai mai juyawa 7,200 a minti yana iya ba da megabayit sama da 100 a daƙiƙa idan bayanan a jere suke, amma idan ƙananan guntaye ne a warwatse, allurarsa sai ta yi ta tsalle, abin da zai kawo bai kai megabayit ɗaya ba. Bambancin ya haura ninki ɗari a faifai guda. Shi ya sa SSD, wadda ba ta da allura, ke sa tsohuwar kwamfuta ta farfaɗo, ko da lambar karatunta a jere, kimanin 550 a kan wayar SATA, ba ta ninka ta tsohon faifai fiye da sau huɗu ko biyar ba. Ita ma SSD tana da nata sirrin. Masu arha suna da wani ɗan sashe mai sauri da ke karɓar rubutun farko, idan ya cika sai gudun ya faɗi, a wasu har ƙasa da na tsohon faifai. Gwajin daƙiƙa goma ba zai taɓa ganin wannan faɗuwa ba, mai kwafar bidiyon biki na awa uku kuwa zai gan ta. Jens Axboe, wanda ke kula da sashen faifai a kanel, ya rubuta manhajar fio ne saboda irin wannan, domin mai awo ya faɗi girman guntaye, da jere ko warwatse, da tsawon lokaci, kafin a ba shi kowace lamba.

Furosesa ma ba gudu ɗaya gare shi ba. Lambar gigahaz da ke jikin talla yawanci ita ce ƙololuwa, wadda yake kaiwa na ɗan lokaci idan yana da sanyi kuma wuta ta wadata. A furosesoshin Intel da yawa, shawarar kamfanin ita ce a bar shi ya ja wuta mai yawa na daƙiƙa 28 ko 56, daga nan ya sauko zuwa matakin da fanka za ta iya ɗauka. A cikin Linux kuma akwai wani sashe da ke yanke shawarar yaushe za a ɗaga gudu, yaushe za a sauke, kuma yana da saiti daban-daban, wani ya fifita gudu, wani ya fifita tanadin batir. Idan zafi ya doshi digiri 100 a cikin furosesa, shi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Wannan magana ta shafe mu fiye da yawancin masu rubuta rahoton gwaji. Su a ɗaki mai sanyi suke aunawa, da sabuwar kwamfuta, da wutar da ba ta ɗaukewa. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, daga Maris zuwa Mayu, zafin inuwa kan haura digiri 40, ƙurar hunturun da ya wuce tana nan maƙale a fanka, kuma rabin yini a kan batir ake aiki, inda kwamfutar hannu ke takure kanta. Lambar da aka samu a can ba ƙarya ba ce, amma ba ta kwamfutar da ke kan teburinka ba ce, ko da lambar samfurinsu ɗaya.

Mutum zai ce to ai waɗannan manyan abubuwa ne, ƙwararre ya san yadda zai kauce musu. Ƙwararrun ma ba su tsira ba. A 2009 Todd Mytkowicz da abokan bincikensa uku suka gabatar da wata maƙala a taron ASPLOS, inda suka nuna cewa abubuwan da ba wanda yake kallo suna karkatar da awo. Tsawon bayanan da Unix ke miƙa wa kowace manhaja idan za ta tashi, wanda har sunan mai amfani yana cikinsu, yana matsar da inda bayanai ke zama a RAM. Haka ma jerin da aka bi wajen haɗa guntayen manhaja. Wannan ɗan matsi ya isa ya sa wani saiti na kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun ɗan Adam zuwa umarnin da furosesa ke ganewa, ya fito a matsayin gyara a wani gwaji, ya fito a matsayin ɓarna a wani. Suka duba maƙaloli 133 daga manyan tarukan fannin, ba su sami ko ɗaya da ta yi wa wannan matsala tanadin da ya kamata ba. Duk wanda ya ga an ce wannan na'ura ta fi waccan da kashi uku cikin ɗari, bayan gwaji ɗaya tak, ya tuna da wannan.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa gudu ba a cikin ƙarfe kaɗai yake ba ta zo ne a watan Janairun 2018, lokacin da aka bayyana ɓarakar tsaro guda biyu, Meltdown da Spectre. Furosesoshin zamani suna yin gaba da aiki bisa hasashe, su fara lissafin da suke zaton za a bukata kafin a tabbatar. Wannan dabara ita ce tushen kaso mai yawa na gudunsu, kuma ita ce aka gano tana barin sawun da ɓarawo zai bi ya karanta bayanan da ba nasa ba. Ba a iya sauya ƙarfen da ya riga ya shiga miliyoyin kwamfutoci, saboda haka a manhaja aka yi faci. Linux 4.15, wanda ya fito a ƙarshen wannan wata, ya raba taswirar RAM ta kanel da ta sauran manhajoji, abin da ya sa kowace shiga da fita tsakaninsu ta ƙara tsada. Manhajar da lissafi kawai take yi kusan ba ta ji komai ba. Rumbun bayanai da sabobin da ke yawan kiran kanel suka ji a jikinsu. Furosesoshin AMD kuma, da Meltdown ba ta shafe su ba, ba a ɗora musu wannan facin ba. Ke nan kwamfuta guda, ba a kwance mata ko noti ɗaya ba, ta kwana da wani gudu ta tashi da wani, kuma tazarar da ke tsakanin kamfanoni biyu ta sauya ba tare da ɗayansu ya fitar da sabon kaya ba. Tun daga 2019 akwai umarni guda da ake ba kanel ya kashe duk waɗannan kariya. Wanda ya auna da kariya a kashe ya kwatanta da wanda ya auna da ita a kunne, bai faɗa ba, ya yi ha'inci ko da kowace lamba da ya rubuta gaskiya ce.

Har a ƙololuwar fannin haka abin yake. Jerin TOP500, wanda ke fitowa sau biyu a shekara tun 1993, yana jera gaggan kwamfutocin duniya da ma'aunin Linpack na Jack Dongarra, kuma tun Nuwamban 2017 duka ɗari biyar ɗin Linux suke amfani da shi. Fugaku ta birnin Kobe a Japan ta sami petaflop 442 a wannan ma'auni, kowane petaflop kuwa lissafi miliyan sau biliyan ne a daƙiƙa. Da aka auna ta da HPCG, wanda shi ma da hannun Dongarra a cikinsa, kuma ya fi kama da aikin da ke yawan ɗebo bayanai daga RAM, sai ta sami 16. Bai kai kashi huɗu cikin ɗari na lambar farko ba, kuma a hakan ita ce ta ɗaya a duniya a lokacin.

Daga nan ne ƙorafi na farko yake tasowa, kuma ba na raina shi. Idan lamba tana rawa haka, me ya sa ba za a watsar da ita ba, mutum ya zauna gaban kwamfuta ya ji yadda take a hannunsa? Ai ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Amsar ita ce ido ya san ƙimar abu babba, ba ya ganin asarar da ke shigowa kaɗan-kaɗan, kuma ba ya iya nuna wa wani abin da ya gani. Kanel ɗin Linux yana fitowa sabo kusan kowane mako tara ko goma, kowace fitowa da sauye-sauye sama da dubu goma. Idan ɗaya a ciki ya rage gudu, awo ne kaɗai zai kama shi, kuma buɗaɗɗen tarihi ne kaɗai zai nuna wanne ne. Manhajar git, wadda Torvalds ya rubuta a 2005, tana da hanyar yin wannan: a raba sauye-sauyen gida biyu, a gwada tsakiya, a ga ɓarnar tana gaba ko tana baya, a sake rabawa. Cikin gwaji goma sha huɗu an fitar da mai laifi daga cikin dubu goma. A Nuwamban 2018 irin wannan awo, wanda Michael Larabel ya wallafa, ya nuna wata sabuwar kariya ta Spectre da aka saka a Linux 4.20 tana cinye har rabin gudun wasu ayyuka. Torvalds ya ƙi amincewa a bar ta a kunne ga kowa, aka sauya ta kafin kanel ɗin ya fito. A 2022 kuma wani injiniyan AMD, K Prateek Nayak, ya bi sawun wani jinkiri har ya isa wani ɗan faci da aka saka tun 2002 saboda wasu tsofaffin na'urori, wanda ke sa furosesa ya ɗan tsaya jiran banza kafin ya huta. Shekara ashirin yana nan yana takure furosesoshin da ba su da bukatarsa, aka cire musu shi a Linux 6.0. Babu hannun da zai ji wannan, kuma a rufaffiyar manhaja babu wanda ke wajen kamfanin da zai iya karanta layin ya san dalilinsa.

Wani lokaci abin da awo ke tonowa ya wuce batun gudu. A watan Maris na 2024 Andres Freund, ɗaya daga cikin masu gina rumbun bayanai na PostgreSQL, yana shirin wasu ƙananan gwaje-gwaje a kan Debian, yana so kwamfutar ta yi tsit don kada wani aiki ya gurɓata masa lamba. Sai ya lura manhajar da ke karɓar masu shiga daga nesa tana cin furosesa fiye da ƙima, kuma shiga ta ƙara kusan rabin daƙiƙa. Ruwa ba ya tsami banza. Ya bi abin da kayan awo har ya isa xz, wata manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita, ya tarar an dasa mata ɓarauniyar hanya a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka wa aikin har aka amince masa. Ranar 29 ga watan Freund ya sanar, kafin abin ya kai ga manyan fitowar da sabobin duniya ke dogara da su. Dole a faɗi ɓangare biyu na wannan labari: buɗe ƙofa ne ya ba mugun damar shiga, kuma buɗe ƙofar ne ya ba mutum ɗaya da ke waje damar bin rabin daƙiƙa har gindinta.

Ƙorafi na biyu ya fi kaifi. Idan kowa yana iya karanta ma'auni, ai mai son cuta ma yana iya karantawa, ya shirya kayansa daidai da tambayoyin da ya riga ya gani, don haka rufaffen ma'auni ya fi tsaro. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Kowa ya san mudun da aka ɗan buga gindinsa ciki, a ido yana nan cike har da tozo, a gida ne za a ga ragi, kuma mai saye ba ya ganewa sai idan an bar shi ya juya mudun ya duba. A 2001 aka gano direban katin hoto na ATI yana gane sunan wasan Quake III, wanda ake yawan awo da shi, sai ya rage kyan hoto don lamba ta tashi. Da aka sauya wa fayil ɗin suna sai gudun ya sauka. A 2008 mujallar Ars Technica ta ɗauki furosesan VIA Nano, wanda ake iya sauya sunan da yake gabatar da kansa da shi, ta sa ya ce shi na Intel ne. Makinsa na RAM a ma'aunin PCMark 2005 ya tashi da kusan kashi 47 cikin ɗari, ƙarfe ɗaya, suna kawai aka sauya. A 2010 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sasanta ƙararta da Intel bisa sharuɗɗan da suka haɗa da kamfanin ya bayyana cewa kwamfailarsa tana iya fifita furosesoshinsa a kan na wasu. A 2013 shafin AnandTech ya nuna wani samfurin wayar Galaxy S4 yana barin sashen hotonsa ya kai wajen megahaz 532 idan ya gane manhajar awo ce, alhali wasanni 480 suke samu. Duk waɗannan a cikin rufaffiyar manhaja aka ɓoye su, kuma da dabarar sauya suna aka bankaɗo yawancinsu, domin ba a ba kowa damar karantawa ba.

Ba na cewa buɗewa tana hana cuta. Ƙungiyar SPEC, wadda aka kafa a 1988, tana ba masu lasisi rubutun gwaje-gwajenta, kuma masu kwamfaila sun sha shirya dabarar da ba ta amfanar komai sai gwaji guda. A farkon 2024 ƙungiyar ta yi wa sakamako sama da 2,600 alama, saboda kwamfailar Intel da aka yi amfani da ita tana ɗauke da wani gyara da aka ɗinka wa gwajin xalancbmk shi kaɗai. Amma a duba yadda aka iya yin hakan: dokar SPEC ta tilasta kowane sakamako ya zo da sunan kwamfaila da lambar fitowarta da saitinta, shi ya sa da aka gano matsalar aka san daidai waɗanne lambobi ta shafa. Sannan buɗaɗɗiyar manhaja tana da wata mafita da ta fi wannan, wato a daina ƙirƙirar aikin gwaji, a auna da aikin gaske. Minti nawa kwamfutar ke ɗauka ta haɗa kanel ɗin Linux daga rubutunsa, ko ta juya bidiyo da FFmpeg, ko ta zana hoto a Blender, ko ta matse fayil da 7-Zip, ko tambaya nawa PostgreSQL ke amsawa a daƙiƙa. Kamfanin da ya zage ya sa furosesansa ya yi fice a FFmpeg, to duk mai tace fim a Kano da ke amfani da manhajar da aka gina a kanta ya amfana. A nan shirya wa jarrabawa da iya aiki sun zama abu ɗaya.

Ƙorafi na uku shi ne Linux ba ɗaya ba ne. Akwai Ubuntu, akwai Fedora, akwai Debian da Arch da wasu ɗaruruwa, kowanne da nasa kanel da kwamfaila da tsarin fayil. Hatta sashen da ke raba wa ayyuka lokacin furosesa an sauya shi a 2023, a Linux 6.6, bayan wanda ya gabace shi ya yi aiki tun 2007. Ta yaya za a kwatanta lambar wani da ta wani? Gaskiya ne ba za a kwatanta ba sai an san waɗannan duka, amma Windows ma yana sauyawa a kowane wata, bambancin shi ne can ba a nuna maka abin da aka sauya dalla-dalla. Phoronix Test Suite, wadda Larabel ya fara saki a 2008 a ƙarƙashin lasisin GPL, an gina ta ne a kan wannan fahimta. Tana sauko da gwaji, ta haɗa shi, ta gudanar aƙalla sau uku, ta ƙara idan sakamakon ya yi nisa da juna, sannan ta rubuta komai a jikin lambar: samfurin furosesa, fitowar kanel, saitin wuta, kariyar da ke kunne, umarnin da aka ba kwamfaila. Wani a wata ƙasa yana iya ɗaukar wannan rikodi ya maimaita da umarni guda. Abin da zan amince da shi a ƙorafin shi ne lambar Linux ba ta yi wa mai Windows alkawari, musamman a katin hoto, inda direba ke da babban tasiri kuma ingancinsa ya bambanta daga wannan manhaja zuwa waccan. Wanda zai yi aikinsa da Photoshop ya auna a inda Photoshop yake.

Saura ƙorafin da ya fi kusa da mu: talaka da ya je sayen kwamfutar hannu ba ya karanta rubutun manhaja, me buɗewa ta ƙara masa? Ba sai ya karanta ba. Ya ishe shi cewa akwai dubban masu karantawa da ba kamfani ɗaya ke biyan su ba, kuma kayan awon da suka tace kyauta ne, suna shiga filashi guda. Yawancin kwamfutocin da ke kasuwanninmu, daga Computer Village ta Ikeja zuwa shagunan Kano da Kaduna, na hannu ne, kuma da suna ake cinikinsu. Mai shago zai ce Core i7 ce, farashi ya tashi. Alhali i7-7500U ƙwayoyin lissafi biyu gare shi, i5-8250U da ya fito a 2017 kuwa huɗu gare shi, kuma a aikin da ke amfani da dukkan ƙwayoyin ya bar wancan a baya. Ana iya tayar da Linux daga filashi ba tare da an taɓa abin da ke kan faifai ba. Daga nan lscpu za ta faɗi ainihin furosesan, smartctl ta faɗi awa nawa faifan ya yi yana aiki da ko ya fara samun gurɓatattun wurare, stress-ng ta ɗora wa furosesa nauyi yayin da ake kallon zafinsa. Minti goma sha biyar na wannan nauyi zai nuna kwamfutar da fankarta ta toshe, domin gudunta zai faɗi a gabanka. Memtest86+ tana bin RAM lungu-lungu. Ga kuma f3, wadda aka rubuta musamman don filashi da memori na jabu, irin waɗanda ke cewa gigabayit 128 ne alhali abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin goma ba: tana cika su da bayanai, ta karanta, ta faɗi nawa ne ya dawo lafiya.

Waɗanda abin ya fi hawa kansu su ne masu saye da kuɗin jama'a. Jami'o'i da kwalejoji da cibiyoyin rubuta jarrabawar JAMB suna sayen kwamfutoci ɗari-ɗari, takardar kwangila kuma sau da yawa sunan furosesa da girman RAM kawai take ambata, abin da ɗan kwangila zai iya cikawa da kayan da suka tsufa ba tare da ya saɓa wa harafi ɗaya ba. Maimakon haka a rubuta aikin: gwaji kaza, fitowa kaza, a kan Linux kaza da aka tayar daga filashi, na tsawon rabin awa, a ɗakin da kwamfutocin za su zauna, da tsakar rana, kuma kada sakamako ya gaza kaza. A zaɓi wasu daga cikin kwalayen ba tare da ɗan kwangila ya nuna waɗanda za a buɗe ba, a ajiye rikodin a fayil tare da takardar biya yadda mai binciken kuɗi zai iya maimaitawa. Kowace makarantar da ke da sashen kimiyyar kwamfuta tana da ɗaliban da za su iya wannan aiki a yini ɗaya, kuma manhajojin ba sa cin ko kwabo. Shugabannin makarantu da jami'an saye, ku sa wannan sharaɗi a kwangilarku ta gaba kafin ku sa hannu.